Cittar Tabawa a Kan Sikelin Kwastan

A wani daji da ya yi iyaka da teku, an yi wata tsohuwar bushiya mai suna Tabawa, manomiyar citta. Shekarar da gonarta ta yi albarka, fatake na ƙetaren teku suka aiko suna son buhu arba'in, amma a jirgin ƙarshe na kaka, wanda zai tashi bayan wata guda. In ya tashi babu kayanta, wahalar shekara ta tafi a banza.

To, tashar jirgin nan tebur bakwai gare ta, kowanne da hatiminsa. Na farko ya auna kaya ya rubuta nauyi, na biyu ya shaida a dajin aka noma su, na uku ya shaida babu ƙwari, haka har ƙofa. Kwana goma sha biyu Tabawa tana bin tebura, don mai hatimi na huɗu ya tafi suna, na biyar kuwa ba ya buga nasa sai ya ga na huɗu.

A ƙofa shugaban kwastan, wani zalɓe da ake kira Malam Jatau, ya sa aka sake ɗora buhunan a sikeli. Ya dubi takarda, ya miƙe wuya.

"Iya, nauyin buhu uku ya ɓace. Ina kika kai shi?"

"Ranka ya daɗe, rana ta sha. Citta ce, bushewa take yi, kuma ku kuka shanya ta a fili."

"Rana ba ta cikin takarda," in ji Malam Jatau. "Doka ta ce abin da aka rubuta shi za a gani a sikeli. Ki koma tebur na farko."

Tana juyawa sai ga dila Cindo, ejan mai fitar wa jama'a da kaya, yana murmushi.

"Haba Iya, da girmanki za ki sake wannan zagaye? Tulu huɗu na ruwa ki yayyafa mata, gobe sikeli ya yi daidai da takarda. Duk buhunan da kika ga sun wuce, wanka na yi musu."

Tabawa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai Cindo, da wannan hancin na tone cittar nan ɗaya bayan ɗaya. Sunan dajinmu ne a jikin buhu. Wanda zai kwance shi a can bai san ni ba, bai san ka ba, dajin kaɗai zai sani. In jiƙa masa ruɓa don takarda ta ji daɗi? Ba ni hanya."

Ta zazzage buhunan a kan falalen dutse, ta yi kwana biyar tana juya citta a rana, masu wucewa na cewa tsufa ya taɓa ta. Sai da ta ji tana ƙaras a haƙori, babu sauran abin da rana za ta sha, sannan ta ɗinke, ta koma tebur na farko. Ta sake bin bakwai ɗin nan, ba ta gai da kowa da ko goro ba.

Ranar tashin jirgi ta iso ƙofa. Aka ɗora, sikeli ya tsaya cak a kan abin da aka rubuta. Malam Jatau ya sa aka sake, ya leƙa ƙarƙashin sikelin, sannan ya buga hatimi kamar ana cire masa gashi.

Bayan wata uku saƙo ya zo daga ƙetare. Duk cittar jirgin ta yi funfuna an zubar a teku, sai buhunan Tabawa. Nata kaɗai fataken suke so baɗi, ninki biyu.

Majalisar tasha ta zauna a kan maganar. Malam Jatau ya miƙe ya ce, "Jama'a, kun ga amfanin tsarinmu. Da ba mu mayar da ita baya ba, da yaushe cittar za ta bushe?"

Aka tafa, aka rataya masa lambar yabo. A makon nan aka kawo tebur na takwas.