Rumfar Tafkin Dajin Rumbu

Babu dajin da ya kai Dajin Rumbu girmama ilimi. Shaidar haka ita ce, a shekarar da tafkinsu ɗaya tilo ya fara janyewa har kifi yana kwana a taɓo, Sarki Zaki bai nemi boka ba, Dakta Zalɓe ya aika a kira.

Shekara bakwai Zalɓe ya yi a ƙetare yana karatun ruwa. Ya shirya bayaninsa kashi huɗu, kamar yadda aka koya masa: yadda ruwa ke tashi, yadda yake zama girgije, yadda yake saukowa, da yadda saiwar itace ke riƙe ƙasa har ya nutse ya ciyar da tafki. Abin da ya manta shi ne al'adar fadar. Mai magana gaban Zaki numfashi ɗaya ake ba shi, daga nan Biri ya buga ganga.

"Ranka ya daɗe," in ji Zalɓe yana gyara tabarau, "mataki na farko dai, rana ce ke ɗebe ruwan tafki ta yi sama da shi..."

Biri ya buga ganga.

"A ƙasata?" in ji Zaki.

Waziri Kure ya miƙe. "Allah ya ja zamaninka, wannan gwamnati ba za ta naɗe hannu wata baƙuwa tana kwashe arzikin talakawa da rana tsaka ba. Za mu yi wa tafki rumfa, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ga itatuwa nan birjik a bakin ruwa, ba aikin fari ba na baƙi."

Zalɓe ya buɗe baki. Sauran kashi ukun bayanin na maƙale a dogon wuyansa, kuma na huɗun ne ya fi ƙona shi. Kafin ya fito da su, Waziri ya sanar cewa an naɗa Dakta shugaban Kwamitin Rumfa, tare da keɓaɓɓen lungu a tafki inda kifi ya fi ƙiba. Zalɓe ya rufe baki. Ya gaya wa kansa cewa gyara daga ciki ake yin sa, kuma mai ilimi ya fi amfani a kan kujera.

Aka sare ƙirya da kanya da tsofaffin gawo. Jakuna suka ja gungume wata uku. Ranar buɗe rumfa Zalɓe ya yi jawabi, numfashi ɗaya, ya yaba wa hangen nesa.

Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bai tarar da saiwa mai rai ko ɗaya a gaɓa ba, sai ya kwashi ƙasar gaba ɗaya ya zuba a tafki, rumfa ta bi bayanta. Kafin kaka, gurin ya zama fili, awaki na tsallakewa ba su jiƙa kofato ba. Fada ta umarci jakuna su riƙa ɗebo mata ruwa daga kogi, tafiyar rabin yini.

Wata azahar Zalɓe na tsaye a kan wani kututture yana tsara maƙala kan darussan da aka koya, sai ga Baba Nomau, tsohon jaki, da tuluna biyu a baya.

"Sannu da aiki, Dakta. Ni ban yi boko ba, amma tun muna yara ake hana mu ko ɓare ɓawon itatuwan nan. Ko a ƙetare ba a hanawa?"

"Lamarin yana da sarƙaƙiya, Baba."

"To, Allah ya ƙara sani. Na ga bakinka ya bushe. Sha."

Zalɓe ya so ya ƙi. Ya zura baki a tulu, da nufin kurɓa ɗaya, sai da ya ji ya taɓa gindi.

Baba Nomau ya leƙa tulun. A fada ba a karɓar rabin kaya. Ya lashi danshin da ya zubo a gefe, ya juya ya kama hanyar kogi.