Rasuwar Ɗan Jagora, Maballi Mai Layi Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Jagora, maballin nan mai layi uku da ke kusurwar manhajar shagon ɗinkinmu. Yayana ne ya gina manhajar a yanar gizo, Baba kuma ya raɗa wa maballin suna. A yi mini afuwa in na kauce wa ƙa'ida. Karatu na saba, rubutu wannan ne na fari.

Marigayin mai riƙon amana ne. Da an taɓa shi sai ya ce "ƙit", ya buɗe jerin zaɓinsa a tsarin da bai taɓa sauyawa ba: sabon aiki a sama, awon masu kawo ɗinki a ƙarƙashinsa, sannan kayan da aka gama. Kuma ba shi da mantuwa. Baba zai buɗe awon mutum ya tafi sallah, ko cajin waya ya ƙare a sake kunnawa, ya dawo ya tarar da shafin yana jiransa a inda ya bar shi. Shi ya sa tun da idon Baba ya fara hazo, babu wanda ya gane a layinmu. Babban yatsansa ya san hanya, marigayin kuma ya rufa masa asiri.

Ciwon ajali ya same shi ranar da Yaya ya sabunta manhajar. Wai sabon jerin mai wayo ne: abin da aka fi taɓawa shi ke hawa sama, da allo ya mutu kuma sai ya koma kan awon wanda aka shigar ƙarshe. Lambobin manya, sunan mai awon kuwa kamar tururuwa. Baba ya dawo daga masallaci, ya yanka yadin Dogo direba da awon maƙwabcinmu mai shayi, wanda ko kafaɗar Dogo bai kai ba.

Ranar karɓar ɗinki, Dogo ya ɗaga wandon ya ce, "Baba tela, ƙwallo za ka tura ni bugawa?"

Aka yi dariya. Da shago ya watse Yaya ya ce a hankali, "Baba, ko dai ka huta haka nan? Ni ma zan iya riƙe wajen."

Baba ya goge almakashinsa, ya sa a aljihun tebur, ya rufe.

Marigayin ya rasu ya bar maballin komawa baya, wanda yanzu bai san inda bayan take ba, da akwatin bincike maraya, da wani babban yatsa da har yau yake zuwa kusurwar nan yana lalube.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a shago, gefen tsohon keken ɗinki. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi Baba ya ido. Su gaishe shi da aiki kamar kullum. An ce gawar na cikin jakar tsofaffin zubin manhajar, ba a goge ta ba tukuna. Yaya, kai kaɗai ka san ƙofar wajen. Don Allah kada ka zuba ƙasa. Na ga Baba yana cire makullin shago daga cikin makullansa.