Ranar da na nuna wa alƙali matata

Da hukuma ta ƙi ba matata Hadiza izinin zuwa Faransa, wai ana shakkar aurenmu, sai na ɗaukaka ƙara a Lyon, inda na fara neman izinin. Lauyata Mariama, 'yar Maraɗi haifaffiyar Sevran kusa da Paris, ta roƙe ni tun a jirgin ƙasa daga Paris: "Yaya, don Allah ka bar ni in yi maganar."

Ni da na kare digirin dokta gaban farfesoshi? Har tabarau na ƙara gani na cire don in ƙara kwarjini.

Alƙali na ba ni dama, na miƙe, na ɗaga hoton bikinmu, na ɗora yatsa. "Wannan baiwar Allah, ko cikin mata dubu zan gane ta!"

Mariama ta runtse ido. "Yaya," ta ce a hankali, "Rabi ce wannan, ƙanwarta."

Alƙalin ya kalli hoton da ke gabansa, ya kalle ni. Na yi sauri na mai da tabarau. Sai Mariama ta tashi tsam ta ce, "Kun ga abin da rabuwa ta yi masa." Ta shimfiɗa hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na koma na zauna. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, muka ci shari'ar.

Yanzu Hadiza tana Paris. Duk ranar da na dawo daga aiki, sai ta buɗe ƙofa ta russuna: "Sannu da zuwa, Malam. Hadiza ce, matarka."