Ranar da Na Koya wa Abba Besbol Daga Kan Benci

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a wani filin wasa kusa da Bukit Jalil, ranar da bakina shi kaɗai ya fitar da ƙungiya guda daga gasa, ya kuma haɗa min da abin kunyar da ko a Kano ban taɓa tafka irinsa ba.

Ni dai mace ce ta gida. Tun da Dakta (maigidana ke nan, yana koyarwa a wata jami'a a nan) ya kwaso mu zuwa Kuala Lumpur, duniyata ba ta wuce kicin, baranda, da kasuwar Chow Kit sau ɗaya a wata ba. Bokona a aji shida ya tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Daga uwar ɗaka nake gane wace maƙwabciya ce ta fito daga lif da jin takunta.

Ɗana na fari sunan mahaifin Dakta ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Kun dai san abin, ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki. Shekara goma sha uku ban taɓa furta sunan nan ba. Ko a asibiti aka tambaya, kati nake miƙawa. (Nan ma ba rubutawa zan yi ba, kada ku jira.)

To, wata rana Abba ya dawo da wata sanda mai kama da taɓarya da safar hannu guda ɗaya, ƙatuwa, ya ce abokinsa Ren, wani ɗan Japan, ya shigar da shi ƙungiyar besbol. Na juya safar nan na sake juyawa. Ina ɗayar? Ya ce ai ɗaya ake sawa. Daga nan abin ya tsaya min a rai, har ni da ba na fita na fara bin su fili duk Asabar.

Ga yadda na fahimci wasan. Wani zai jefo ƙwallo, kai kuma ka make shi da sanda ka ruga. Akwai tasha uku a filin, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka dawo inda ka taso, an ci ɗaya. Sauran dokokin kuwa sun fi gashin kaina yawa, sai na koma ga abin da na iya, wato sauraro. In sanda ta samu ƙwallo a tsakiya, wata ƙara take yi kamar an fasa kwakwa. Akwai wani yaro Wei Jie, shi in ya samu, har tsuntsaye sai sun tashi. Na ce wannan shi ne ɗan wasa.

Nawa ɗan fa? Zai je ya tsaya da sanda a kafaɗa kamar mai jiran bas. A jefo, ya kalla. A sake jefowa, ya kalla. Can sai ya ajiye sandar a hankali ya taka zuwa tashar farko, ba gudu ba gumi.

Na tambayi Dakta a mota. Ya ce in mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, kai kuma ka gane ka ƙi kai musu duka, to ka samu tashar farko ke nan. Ya ce hanya biyu ake auna mai sanda: ta farko tana duba sau nawa ya buga ƙwallo ya isa tasha, ta biyu kuma tana duba sau nawa ya isa tashar ko ta wace hanya, da bugu ko da haƙuri.

Na ce, “Wato sadaka ake ba shi.”

“Ba sadaka ba ce, Maman Abba, aiki ne.”

“Dakta, a garinmu wanda ya je gona bai ɗaga fartanya ba, ba a cewa ya yi noma.”

Ya yi dariya ya ƙyale ni. (Da ma ya dage.) Abu ɗaya ne ya ci gaba da ɗaure min kai: kullum kocinsu Abba yake fara turawa. Na yi ta juya abin ina wanke-wanke, har na yanke cewa so yake a gama da mai rauni da wuri, a shiga wasa na gaske.

Sai ranar nan ta zo. Duk ƙungiyar da ta ci za ta tafi gasa a Ipoh. Abba bai taɓa kwana a wani gari ba mu ba, sati biyu ba shi da zance sai na tafiyar, har ya sa na yi masa dambun naman guzuri tun kafin a buga.

An zo zagaye na ƙarshe, abokan karawa suna gabanmu da ci ɗaya. An fitar da namu biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Duk tasha ukun nan da yaranmu a kai. Wa zai ɗauki sanda? Abba. Dakta ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

Jifa na farko ya kalla. Na biyu ya kalla. Har biyar, sanda ba ta bar kafaɗarsa ba. Uku a karkace, biyu masu kyau. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, in na shida ya zo a karkace ya ƙyale shi, zai taka zuwa tashar farko, na kanta ya matsa gaba, na gaba ma ya matsa, na ƙarshe ya shigo gida, an yi kunnen doki ke nan. Kowa a bencin nan ya san haka ban da ni. Shi ya sa iyaye suka yi tsit. Ni kuwa na ɗauka shirun tausayi ne, ana jin kunyar a ce ɗan matar nan mai hijabi matsoraci ne.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kuma ba Abba na ce ba. Sunan nan na yanka, cikakke, shi na rangaɗa da muryar da nake kiran mai kifi a Chow Kit, na ɗora da, “Ka buga mana!”

Na ga kafaɗarsa ta girgiza. Ƙwallon ya taho ƙasa-ƙasa, har sai da ya daki turɓaya kafin ya iso, irin wanda ko ni na ga ba na bugu ba ne. Abba ya kai masa duka. Iska ya samu. Alƙalin wasa ya dunƙule hannu, alamar an fitar da shi wasa ya ƙare, yaran can suka hau tsalle, namu uku suka sauko daga tasha suna jan ƙafa.

Iyaye suka juyo gaba ɗaya. Da yake mutanen nan akwai kawaici, sai suka sake kawar da kai. Dakta ya sauke wayar a hankali.

“Wa kika kira?”

“Ɗana.”

“To. Bidiyon nan dai Baba na yi wa alkawari. Cewa ya yi in turo masa ya ga takwaransa.”

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da yanzu akwai rami a Bukit Jalil.

Ina nan a ƙame sai ga mahaifiyar Ren, wadda kullum take zaune da allo da fensir tana rubuta duk abin da ya faru a wasa. Na ce shi ke nan, faɗa ya zo. Sai ta ɗan rusuna ta nuna min takarda, Dakta yana fassarawa. Layi biyu ne. A layin bugu, sunan Abba yana can ƙasa, Wei Jie a sama. A layin isa tasha kuwa, Abba ne a kan kowa, har da Wei Jie ɗin, wanda ashe in bai fasa kwakwa ba fita yake yi. Ta ce saboda haka koci yake fara tura shi, don masu ƙarfi su tarar da wani a tasha su koro shi gida.

Duk da halin da nake ciki sai da tambaya ta kufce min. Na ce a tambaye ta me ya sa ba a tafa masa. Ta yi murmushi ta ce ita tana tafa masa, amma da fensir.

A hanyar gida muka tsaya mamak, wato wurin mai shayi, a Sri Petaling. Abba yana ta yayyaga gurasarsu ta roti bai kai baki ba. Na ce, “Abba, ka san jifan nan ba mai kyau ba ne?”

“Na sani mana, Umma. Tun daga hannunsa na gani.”

“To me ya sa ka buga?”

Ya ɗago ya dube ni. “Ke kika ce. Kuma ban taɓa jin sunana a bakinki ba, na ɗauka abin babba ne.”

Shayin nan ban iya shanye shi ba. Na ba shi haƙuri a gaban ubansa, abin da uwata ba ta taɓa yi min ba, ya ce ba komai, akwai baɗi. Ipoh dai ba a je ba. Bidiyo ya tafi Kano ba murya, Baba ya bugo yana tambaya ko wayar Dakta ce ta lalace, Dakta ya ce iska ce ta yi yawa a filin. (Allah ya yafe masa, ni ya rufa wa asiri.)

Har yanzu ina zuwa duk Asabar, ina zama kusa da Maman Ren, ina tambaya ƙasa-ƙasa. Darasin da na kwaso kuwa, in Allah ya ba ki ɗa mai jin magana, to ki tabbata kin san abin da ake yi kafin ki ba shi umarni, domin shi fa yi zai yi.