Daminar da Na Shuka Gahawar Bature

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na shuka gahawa ba. Ko na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bari ba, don ba su da wani aiki da ya wuce adana abin kunyar mutum kamar gadon ubansu. Yau ga furfura a gemuna, amma in na ratsa kasuwar Doguwa sai wani ɗan banza, wanda lokacin ko aurar uwarsa ba a yi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Baba Na-Gahawa, yaya amfanin gona?" To bari in ba da labarin da bakina, tun da masu ba da shi a madadina gishirinsu ya yi yawa.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana haƙar kuza a Riruwai kamar za a tone duwatsun gaba ɗaya. Ni ma na jingine garma na tafi. Na fara da ɗaukar ƙasa a ka, da wuyana ya gaji sai na samu aka sa ni kai itace da ruwa madafar wani Bature mai kula da ramuka. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, Mai-Lofe muke ce masa. Kukunsa kuwa Audu Bamanda ne, Bahaushe amma a can duwatsun Bamanda aka haife shi, gajere mai tumbi, ga surutu kamar an ba shi kwangila.

Kullum da safe Audu zai buɗe wani gwangwani, ya ɗebo wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tsaga a tsakiya, ya zuba a ɗan injin hannu ya murza, ya dafa wa Bature. Ita ce gahawa, su kofi suke cewa. Audu ya ɗauki kansa shehin malaminta. Ba ka tambaye shi ba zai fara:

"Ka ga wannan? Lamba ɗaya ke nan. Dubi girman ƙwayar, duk kai ɗaya, babu fasasshiya, babu mai huda. Dubi baƙinta, har maiƙo take fitarwa. Mai ja-ja ɗin nan ta kantin Jos tsami gare ta kamar an jiƙa tsamiya, in Mai-Lofe ya sha sai ƙwannafi ya hana shi zama. Wannan kuwa babu tsami, sai ɗaci mai nauyi. Daga hayin teku ake aiko masa da ita. Gwangwanin nan guda ya fi buhun gyadarka daraja."

Maganar ƙarshen nan ita ta kashe ni. Na yi ta juya ta a raina: ƙwaya ce dai, ba daga sama ta faɗo ba, a ƙasa ta tsiro. Ƙasa kuwa muna da ita. (Na yi 'yan watanni a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka a lokacin gani nake duk garinmu babu mai kaina.) Baƙinta bai dame ni ba ko kaɗan. Kalwa baƙa ce, 'ya'yan tsamiya ma haka, kuma duk suna tsirowa. Na ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe baki in ce, "Audu, ana shuka wannan?" Ban yi ba. Tsoro nake kada ya gane dabarar ya riga ni. Da Bature zai tafi hutu ƙasarsu ya bar wa Audu ragowar gwangwanin, sai na kai masa jan zakarana na ce ya ba ni, wai ina so in ɗanɗani abin manya. Ya dube ni, ya dubi zakaran, ya ce, "Kai dai ka sani."

A shekarar ne surukina, Malam Garba, ya aiko a kira ni. Ya gaji da ganin 'yarsa Hajara zaune da yara ita kaɗai, ni ina can wajen ramuka. Yana da wata gona a bakin rafi, baƙar ƙasa, dankali da rake yake sawa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ce, "Ka bar kuzar nan ka dawo gida. Ga gonar bakin rafi, ka noma ta bana. In na ga ka riƙe ta da kyau, ta zama taku kai da iyalinka. In kuwa na ga wasa, akwai mai so." Mai son na san shi, mijin ƙanwar matata ne, wani mai shiru-shiru da bai taɓa yin tunanin komai ba a rayuwarsa, shi ya sa bai taɓa yin kuskure ba.

Na durƙusa na yi godiya, a zuciyata kuwa cewa nake, dankali? Tsoho, bana za ka ga abin da kakanka bai gani ba.

Na zauna a tsakar gida na baje ƙwayoyin a faifai ina zaɓen iri, yadda ubana ya koya mini da gyada. Na bi karatun Audu sau da ƙafa: manya, baƙaƙe wuluk, masu sheƙi. Duk wadda ta ɗan yi haske na jefar. (Wato na zauna, da hankalina, na tsince waɗanda suka fi ƙonewa.) Hajara ta zo wucewa, ta ɗauki guda ta sansana.

"Malam, wannan abin fa ƙauri yake yi. Kamar an manta wake a wuta."

"Ke me kika sani? Ƙamshin Turai ke nan. Hancinki da daddawa ya saba."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta wuce abinta. Irin "Allah ya ba da sa'a" ɗin nan da mace ke faɗa bayan ta riga ta yi maka jaje a ranta.

Ruwa na sauka na shiga gona. Na kwaso taki daga tsohon mashekarin Fulani na zuba a tsakiyar filin, inda ƙasar ta fi kyau. Na sare ramuka a jere da tazara, don na taɓa jin Audu yana cewa itace ce. Sannan na kewaye wurin da doguwar zana, kada a sace mini iri ko a kama mini shuka da ido. Sauran gonar kuwa ko kallonta ban yi ba. Mai jiran arzikin Turawa ina ruwansa da dankali?

Kwanaki suka yi ta tafiya, shiru. Dawar maƙwabta ta kai gwiwa, tawa shiru. Na ce abin Bature ne, ba ya gaggawa, shi kansa Mai-Lofe sai hantsi yake fitowa. Sai wata safiya na ga ɗan kore ya leƙo kusa da wani rami, washegari wasu, kafin ka ce me ko'ina. Na ɗaga hannu na yi hamdala. Na bi na cire duk wata ciyawa na bar su kaɗai.

A nan fa sai in faɗi gaskiya. Da ganyen ya buɗe, wani abu a cikin kaina ya ce, kai, wannan fa ka san shi. Na ce masa ya yi mini shiru. Jarirai ma ai duk kamarsu ɗaya, wa ya san kamannin gahawa tana ƙarama? Da na lura in yamma ta yi ganyen yakan haɗe ya rufe, sai na ƙara samun hujja: ka ji abin Turawa, har lokacin barci gare shi. Wata rana akuya ta kutsa ta ƙasan zana, na taso mata da sanda, ashe sansanawa kawai ta yi ta kau da kai. Na ce dabba ma ta san abin da ya fi ƙarfinta.

Bakina kuma bai zauna ba. Kullum bayan la'asar ina gindin durumin ƙofar masallaci ina ba mutane karatu: lamba ɗaya da lamba biyu, mai tsami da marar tsami, wadda ke ta da ƙwannafi da wadda ba ta taɓa ciki. Ni da ko kurɓa ɗaya ban taɓa yi ba. Na ce baɗi war haka Turawan Riruwai a ƙofar gidana za su yi layi. Har wasu suka fara roƙona iri, ina cewa sai na duba halin mutum tukuna.

Surukina ya wuce ta bakin rafi ya ga ciyawa ta cinye gefen gonarsa, sai ya aiko cewa ranar kasuwa zai zo a buɗe masa zanar nan ya gani da idonsa. Na ce madalla. Don abin ya yi armashi har na aika wa Audu Bamanda ya zo ya ga abin mamaki. So nake in ga fuskarsa lokacin da zai gane mai kai masa itace ya fi shi kai.

Ranar kuwa an taru. Ga surukina, ga surukata Iya Tabawa a bayansa, ga mai unguwa, ga 'yan gindin durumi, ga mai shiru-shiru can gefe. Audu ya iso a kan keke yana haki. Ni kuma na sha rigar Juma'a. Na kwance igiya a hankali, na janye zana.

Kowa ya miƙa wuya. Shukar ta yi kore shar, ta kai cinya, har ta fara fure rawaya, ƙasanta fes babu ciyawa ko ɗaya.

Surukata ce ta fara magana. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ranar ma ba ta karya al'ada ba. Ta juya wajen mijinta, ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji:

"Malam, ka tambayar mini yaron nan ko zai bari in tsinki kaɗan. Ban taɓa ganin tafasa ta samu gata irin haka ba, ga shi ina da ƙuli-ƙuli a gida."

Mai unguwa ya kama tarin da ba shi da shi. Mai hankali a nan zai yi shiru ya sunkuyar da kai. Ni cewa na yi, "A gaya wa Iya, haka gahawa take tana ƙarama. Ga wanda ya san ta nan. Audu, faɗa musu."

Audu ya jingine keke, ya tsuguna, ya tona wani rami da ɗan kara. Ya fito da ƙwaya guda, ta jiƙe ta yi fumfuna, amma tana nan yadda na binne ta. Ya matsa ta, ta marmashe.

"Ta gwangwani ka shuka? Wadda na ba ka?"

"Ita. Lamba ɗaya na zaɓa."

Ya zauna daɓas a cikin taɓo, ya riƙe tumbi, hularsa ta faɗi.

"Wayyo cikina! Bawan Allah, ai soyayya ce! A garinmu 'ya'yan itacen ja suke in sun nuna. A tsinko, a murje ɓawon, a jiƙa har yauƙin ya saki, a wanke, a shanya. Lokacin ƙwayar fara ce mai ɗan kore-kore. Sannan a zuba a kasko a yi ta juyawa har ta yi ƙara ta yi ja, ita ce mai tsamin. Ta Mai-Lofe kuwa ba a sauke ta sai ta yi baƙi ta fitar da mai, wutar ce ke cinye tsamin. Kaɗan ya rage ta zama gawayi! Kuma ko ɗanya ka samu, itacen sanyin kan dutse yake so, sai ya yi shekaru kafin ya haihu." Ya share hawaye da bakin riga. "Da ka tambaye ni, ai da zakaranka yana nan yana cara."

Sai dariya ta ɓarke, har da waɗanda shekaranjiya suke roƙona iri. (Su ne ma suka fi kowa buɗe baki, munafukai.) Surukina kaɗai bai yi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi tafasar, ya dubi sauran gonar da ciyawa ta rufe ga damina ta yi nisa, sannan ya dube ni.

"Kai da aka haifa a gona, ka taɓa ganin an soya gyada sannan aka kai ta rami?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya juya ya yafito mai shiru-shiru, ya ce gobe ya zo da garma ya ga abin da za a iya cetowa. Shi ke nan, gonar bakin rafi ta tafi, ina tsaye cikin rigar Juma'a da igiyar zana a hannuna.

Da magariba aka aiko da kwano rufe da faifai daga gidan surukai. Hajara ta ajiye a gabana ta buɗe. Kwaɗon tafasa ne, ya sha ƙuli-ƙuli da barkono. Ta ce, "Iya ta ce a gaishe da manomi." Na ci. Me zan yi? Shi kaɗai ne amfanin gonata na shekarar, kuma tsakani da Allah ya yi daɗi.

Na koma Riruwai na ci gaba da kai itace. Wata rana Audu ya tsiyaya mini ragowar ta Bature ya ce in ɗanɗani abin da na noma. Na kurɓa. Ɗaci kamar maɗaci, ruwan ƙonannen abu dai, yadda Hajara ta faɗa tun farko. Abin da in matarka ta yi maka a tukunya sai ka kwana kana faɗa, shi mutane suka sa wa lamba, suka ɗora a jirgi ya haye teku, ni kuma na ba da zakara da gona a kansa. Gonar tana nan a hannun 'ya'yan mai shiru-shiru, dankali suke haƙa kamar kan jariri, kuma har yau Gonar Gahawa ake ce mata.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu ko me aka miƙo mini da sunan iri, sai na tambaya ko ya riga ya ga wuta. In kuma Hajara ta sansana abu ta ce ƙauri yake yi, ba na kawo mata zancen Turai. Tashi nake in sauke tukunyar.