Yadda Za Ka Sa a Riƙa Neman Ka da Ɗan Ƙarfen Aljihunka

Kai da ka sayi ɗan ƙarfen ɓamɓara, wannan shafaffen mai tsawon yatsa, mai tsaga a baki don zare ƙusa, kuma har yau ba wanda ya ce ka ara masa: share hawayenka. Bi matakan nan yadda suke. Mun yi maka alkawari, kafin ƙarfen ya yi tsatsa za a riƙa ƙwala maka kira daga ɗaki zuwa ɗaki.

Ba da ka muke magana ba. An gwada komai a kan mutum mai rai, wani dattijo da ake kira Akawu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ofis ana layi a gaban teburinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar komai yana tafiya daidai ba tare da shi ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba wani abu yake nema ba illa ya ji an ce, "Ina Baba? A kira shi."

1. Saya tukuna, dalili ya biyo baya

Kada ka tsaya tambayar kanka me za ka yi da shi. Masu irin wannan tambayar har yau ba komai a aljihunsu sai waya da makulli. Akawu batir ya je saye, ya hangi ƙarfen yana sheƙi a kan kanta. Mai shago ya ce, "Baba, wannan ai ba abin da ba ya buɗewa." Ya dawo gida da ƙarfe, ya manta batir.

Auta, 'yarsa da ita kaɗai ta rage a gidan, ta juya shi a tafin hannunta.

"Baba, wannan cokali ne da bai gama girma ba?"

"Za ki neme shi," in ji Akawu.

Haddace wannan amsar, za ka daɗe kana amfani da ita.

2. Bari a ji shi kafin a gan shi

Haɗa shi da makullanka. Duk inda ka zauna, fito da su gaba ɗaya ka dire a kan tebur. Idan wani ya yi kuskuren tambaya, gyara murya ka lissafo: murfin fenti, ƙusa, kwali, tagar da ta kumbura da damina, tsakuwar da ta maƙale a ƙasan takalmi. Masana sun tabbatar ba dole ne ka taɓa yin ko ɗaya daga ciki ba.

Zai huda maka aljihu, wannan ba makawa. Matar Akawu tana ɗinke masa na wani wando ta ɗago kai ta ce, "Malam, shi ma wannan yana cikin amfanin nasa?" Kada ka amsa. Kalli taga.

3. San maƙiyinka

Maƙiyinka cokali ne. Yana nan cikin kowane kicin, ba ya cika baki, kuma da gindinsa matarka take buɗe gwangwanin madara tun kafin ku haifi na fari. Dole ka riga shi.

Akawu ya mayar da kujerarsa kusa da ƙofar kicin, jarida a hannu, kunne a ciki. Da ya ji motsin gwangwani sai ya zabura. Amma mutumin da gwiwarsa ke ƙara kafin ya miƙe ba zai riga cokali ba. Kullum yana isa ya tarar an buɗe, an ɗiba, an rufe. Sau ɗaya ya riga kowa zuwa kan wani kwali da aka aiko wa Auta, ya soka ƙarfe da ƙarfinsa, ya farke kwalin har da hannun rigar da ke ciki. Auta ta ɗaga rigar ta duba, ta ninke ta, ta shige ɗaki.

4. Kai hajarka waje

Idan gida bai san darajarka ba, akwai titi. Duba kowane benci, kowace ƙofa, da idon likita.

A shagon aski Akawu ya hangi wata ƙusa ta leƙo daga bencin jira. Ya ce, "Wannan za ta yaga wa wani riga." Ya sa tsagar ƙarfen, ya danna, ƙusa ta fito sumul. Daɗi ya rufe shi, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. A daidai lokacin wani ƙaton direba ya shigo ya zauna, benci ya baje da shi a ƙasa.

Mai aski ya kashe injinsa ya ce, "Baba, ita kaɗai ce ke riƙe da ƙafar."

Darasi: ba kowace ƙusa ke neman ceto ba. Ka sauya wurin aski na ɗan lokaci.

Ranar Akawu ya dawo gida ya ajiye makullai a hankali, ba ƙara. Ya zauna bai buɗe jarida ba. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta daɗe tana kallonsa kafin ta koma kicin.

5. Idan sa'a ta zo, kada ka tambaye ta daga ina take

Washegari da safe sai ga murya daga kicin: "Malam! Zo da ƙarfen nan naka, murfin madara ya ƙi."

Ya ƙi kuwa da gaske. Ya nutse cikin bakin gwangwani kamar an buga shi da guduma. Akawu ya sa ƙarfe, ya ɗan murɗa, murfi ya yi tsalle. Daga ranar komai na gidan ya soma taurin kai: gwangwanin madara, na shayi, na man goge takalmi. Ya ce kamfanoni ne suka lalace, ba sa yin murfin kirki. Ya dawo da dire makullai a kan tebur, har da 'yar waƙa a banɗaki.

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma kai ba don hankali ka sayi ƙarfen ba, saboda haka mu ci gaba.

6. Idan babban aiki ya ƙi zuwa, ƙirƙiro shi

Gwangwani aikin yara ne. Akawu ƙofa yake so, irin wadda za a taru a bayansa ana cewa, "Yi a hankali, Baba." Ya zaɓi ta sito, ɗan ɗakin ajiyar da ke manne da kicin. Da hantsi matarsa da Auta suka fita cefane. Ya sa bakin ƙarfen ya sassauta sukurorin hannun ƙofar, yadda duk wanda ya ja zai cire. Ya ajiye ƙarfen a kan kujera.

Sai ya ce bari ya duba aikin ta ciki. Ya shiga, ya ja ƙofa ta rufe. Hannun ciki ya biyo shi, na waje ya faɗi ƙasa da ƙara.

A nan muna ba ka shawara: ka shiga da ƙarfen.

Ya zauna a kan buhu cikin duhu, tsakanin tsohuwar fanka da jarkoki, yana gumi yana shirya ƙaryar da zai yi. Can ya ji sun dawo, sun shiga kicin. Ya buɗe baki zai yi kira, sai ya ji Auta tana dariya.

"Mama, kin sake? Da diddige fa kike taka murfin nan!"

"Yi ƙasa da murya. Miƙo na shayin."

"To har yaushe za ki yi ta wannan wahala? Ga cokali."

"Ke ba ki ga fuskarsa ba ranar da ya dawo daga aski. Mutumin da gari guda ke jiran sa hannunsa, yau ya zauna yana jiran gwangwani. In dai murfi ne zai sa ya miƙe da sauri, zan taka har ƙafata ta gaji. Kuma kika kuskura kika buɗe da kanki, ni da ke ne."

Kunya ta kama Akawu tun daga wuya har tafin ƙafa. Bai taɓa sanin ana kallonsa haka ba.

7. Yi kamar ba ka ji ba

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma ba ƙarfe a cikinsa. Akawu ya jira har suka sauya hira, ya goge ido da bakin riga, sannan ya yi hamma mai ƙarfi irin ta wanda barci ya sace. Ya ƙwanƙwasa.

Matarsa ta zo, ta dubi hannun ƙofa a ƙasa, ta dubi sukurorin da aka sassauta, ta dubi ƙarfen a kan kujera. Auta ta ce bari ta ɗauko wuƙa ta tura harshen makullin.

"Wace wuƙa? Wannan ba aikinmu ba ne." Matarsa ta durƙusa ta turo ƙarfen ta ƙarƙashin ƙofa. "Malam, ga shi. Mu dai ba mu iya ba."

Ya laluba, ya tura harshen makullin, ƙofa ta buɗe. Ba wanda ya tambaye shi me ya kai shi ciki, shi ma bai tambayi komai ba.

Da safe aka kira shi kan murfin madara. Ya ga shatin diddige a kai ƙarara. Ya sa ƙarfe, ya yi nishi, ya sauya gefe, ya sake nishi, ya ɗauki lokaci fiye da kullum kafin ya bar murfin ya buɗe.

"Kai, wannan ya yi tauri," in ji shi. "Allah ya sa ina gida."

"Allah ya sa," in ji matarsa, tana zuba masa shayi.

Gargaɗi

Ba ruwanmu da aljihun da ya huje, ko rigar da ta yage, ko direban da ya sha ƙasa. Wanda ya kulle kansa a sito kada ya neme mu, ba mu da makulli. Alkawarin da muka yi a sama kuma ya dogara ne da wani sharaɗi da muka manta ba mu faɗa ba: sai kana da wanda zai taka maka murfi a ɓoye. Wannan ba a haɗa shi da ƙarfen a shago, kuma idan kana da shi, tun farko ba ka buƙaci ƙarfen ba.