Tsuntsun da Na Nuna wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai surukina kallon tsuntsaye ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni direban tasi ne a unguwar Hindawiyya, shekarata tara a Makka. Wata rana na sayi tsohon madubin hangen nesa a wurin masu gwanjo, na sauke manhajar gane tsuntsaye a waya, cikin wata biyu na naɗa kaina gwani. (Matata Hajara ta ce ko tattabarun unguwa ban gama rarrabewa ba, na ce hassada ce.)

Da sanyi ya shigo, mahaifinta ya zo Umra daga Nguru. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, ya yi shekara arba'in yana su a fadama. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yaba mini a kan komai ba, iyakarsa "To, madalla." Sai na ƙudura wannan karon zan nuna masa surukin nasa ba tuƙi kaɗai ya sani ba.

Akwai wani tafki a bayan gari, inda ruwan da aka tace yake taruwa, ciyayi sun kewaye shi. Can na kai su, shi da Hajara, da hantsi. Tun a mota na fara lacca, cewa akwai wani tsuntsu mai nitso da yake gudowa daga sanyin Turai, wanda da wuya a gan shi a ƙasar nan.

Muna isa kuwa na hango shi. Baƙi, jikinsa rabi a ruwa, wuya a lanƙwashe. Ya nutse, ya taso.

"Baba, ga shi can!" na faɗa da raɗa. "Dubi yadda ya kwanta a ruwa. Agwagwa ba ta yin haka."

Baba ya ƙi karɓar madubin, ya kare rana da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Malam, tun da muka zo bai gusa daga wurin ba."

"Ɗabi'arsa ke nan, Baba. Wurin kifinsa yake gadi."

"To."

Wannan "to" ɗin ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni kuwa sai na ƙara wuta, har da ƙirga masa daƙiƙun nitso. Na ɗauki hoto, na tura zauren hirar direbobinmu na waya, na rubuta: "Baƙo daga Turai."

Ana haka wani ma'aikaci ya ɓullo da dogon takalmin roba. Da ya ji muna Hausa sai ya washe baki, ashe mutumin Damagaram ne.

"Sannunku da hutawa, 'yan uwa!"

"Don Allah a hankali," na ce, har da ɗaga masa hannu. "Za ka korar mana tsuntsu."

"Wane tsuntsu?"

Na nuna masa. Ya dubi wurin, ya dube ni, ya sunkuya ya kama wata igiya a bakin ruwa ya fara ja. Sai ga baƙona daga Turai yana tahowa tiryan-tiryan har gabanmu. Jarka ce baƙa, an ɗaura mata guntun tiyo.

"Ya shaihi, alamar bakin famfo ce," ya ce. "In inji ya ja ruwa ta nutse, in ya saki ta taso."

Hajara ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba bai yi dariya ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Waya kuma sai ƙara take a aljihu, direbobi suna ta "Masha Allah."

Can Baba ya taɓa kafaɗata, ya nuna gefen ciyayi da haɓa.

"Ga mai nitso can, in shi kake nema."

Wani ɗan dunƙulallen tsuntsu ne, kamar ba shi da wutsiya. Ya ɗan zabura, ya shige ruwa, ya ɓullo can nesa.

"Ka gani? Ba ya fitowa inda ya shiga. Agwagwa kuwa kai take dulmiyawa, ta bar gindi a sama. Wancan baƙin mai dogon wuya da ke kan dutse, shi ma yana nitso, amma in ya gama sai ya baza fukafukai ya shanya."

Rabin awa yana bayani, maganar da bai taɓa yi da ni mai tsawonta ba. Na tsaya ina "Na'am, Baba," madubi na lilo a wuyana.

Kafin mu isa gida Hajara ta riga ta ba ƙawayenta labari, kafin la'asar ya kai kunnen direbobi. Yanzu ko balbela na gani, ba na buɗe baki sai na ga ta tashi sama.